Shagon Metir Kojo da Tarihin Amurka Juzu'i Uku

Ku da kuke huda takarda da inji kuna zura mata roba a bakin jami'a can unguwar Harobanda, kun ce sunan aikinku ɗaure littafi. Ban musa muku ba, abinci ne. Amma tun da kun ƙetaro gada har Kalle don ku ga yadda ake yi da hannu, har ɗayanku yana cewa mako guda ya ishe shi ya koya, sai ku gyara zama. Kai mai jar riga, ɗage gwiwar hannunka daga kan kwalin nan, bai bushe ba.

Aikin farko da aka sa ni a wannan sana'a shi ne dama kwal, wato abin liƙi. Ni Laminu, asalina baduku ne ɗan baduku daga Maraɗi. Na shigo Yamai a shekarar da aka samu 'yanci, da ƙunshin jar fatar akuya a ka, na samu gefen rumfar wani ɗan garinmu a babbar kasuwa ina ɗinka gafaka da kube. Wata rana wani gajeren mutum mai tabarau ya tsaya, ya ɗauki gafaka ɗaya. Bai dubi adon ba, sai ya juya ta yana shafa bakinta da babban yatsa.

"Wa ya fere bakin fatar nan?" Hausarsa ta kasuwa ce, amma ana ganewa.

Na ce ni ne.

"Kana son aiki a inuwa?"

Shi ne Metir Kojo, mutumin Dahome, Metir kuwa maigidan sana'a ke nan da Faransanci. Ya zo Yamai yana saurayi, ya yi aiki a maɗaba'ar Nasara har furfura ta fara fito masa, sannan ya buɗe wannan shagon da kuke zaune a ciki. Na ɗauka washegari zai miƙo mini fata da wuƙa. Tukunya ya miƙo mini. Garin alkama, da ruwan da aka jiƙa ɓawon maɗaci a ciki don ɗacin ya kori kyankyaso, a ɗora a wuta kaɗan-kaɗan, a yi ta juyawa ba tsayawa har ya yi sheƙi, sannan a tace da tsohon ƙyalle. In ya sa yatsa ya ji gudaji ko ɗaya ne, sai ya ce, "Kai wa kaji," in sake sabo. Kajin maƙwabtanmu sun yi ƙiba a wannan daminar.

Kayan aikin ba su da yawa, ga su kuna gani. Wannan ƙarfen mai hannu a sama shi ne presi, a cikinsa littafi yake kwana don ya miƙe. Waccan babbar wuƙar ita ce masiko, tana daidaita bakin takarda, kuma ba ta bambanta takarda da yatsa. Katakon can mai kama da ƙaramar masaƙa, a jikinsa ake ɗaure igiyoyi a tsaye, a riƙa ɗinke ɗaurin shafuka a kansu ɗaya bisa ɗaya. Sai guduma mai faɗin baki ta lanƙwasa gadon bayan littafi. Wannan kuwa haƙarƙarin saniya ne, ni na goge shi a kan dutse, da shi ake ninke takarda ba tare da an ji mata ciwo ba. Abin da ba za ku gani a kan tebur ba shi ne takarda tana da hanya, kamar yadda itace yake da ita. In ka yanka kwali ka saɓa wa hanyar, littafin zai yi kyau ranar da mai shi ya karɓa, amma damina na sauka zai wage baki kamar busasshen kifi, a dawo maka da shi a gaban mutane.

Manyan rajistocin biro, wato ofisoshin gwamnati, su suka fi ciyar da mu, na haihuwa da na asibiti. Sai tsofaffin sojoji da ɗan littafin fanshonsu da gumi ya jiƙa ya narke a aljihu, su zauna a kan bencin nan ba sa yarda su bar shi ya kwana a hannun wani. Sai malamai masu kawo bugun Larabci daga Kano. Waɗannan Metir ni yake bar wa, tun ranar da ya ɗinke wa wani malami littafi ya sa bangon gaba a baya. Ni lokacin ban san boko ba. Amma a gindin shafin farko na kowane ɗauri akwai wata 'yar lamba da ke nuna wanda ke bin wani, dole mai ɗinki ya san ta. Daga lamba Metir ya ja ni zuwa haruffa, ina haɗa baƙi da ƙyar a kan ragowar takardun da masiko ya yar.

Aikin da nake so ku ji labarinsa, littattafai uku ne da wani malamin lakwal, wato makarantar boko, da ake kira Mushe Hamani (Mushe shi ne Malam da Faransanci), Bazabarme haifaffen Yamai, ya kawo a cikin kwando. Tarihin Amurka ne da Faransanci, juzu'i uku masu kauri, wani Nasara ya tafi ya bar su a gidan da aka ba Mushe. Gara ta shiga ta bayansu ta cinye zare da kwal, ta fasa hanyoyi a cikin shafuka. Na leƙa na ce a raina wannan sai murhu. Metir kuwa tashi ya yi ya wanke hannu kafin ya taɓa.

"Ba gaggawa nake ba," in ji Mushe. "A cece su kawai. Yaran ajina suna tambayata ko akwai ƙasar da ta fita daga hannun Turawa kafin mu, da yadda ta ƙare, ni kuwa ba ni da abin da zan nuna musu."

"Madalla da ba ka gaggawa," in ji Metir, "don sai na karanta su."

A ranar na san cewa maigidana ya daɗe yana bin tarihin wannan ƙasa. Garinsu Wida ne, a bakin teku, inda jiragen bayi suke lodi a zamanin da. Kakarsa ta gaya masa tana yarinya aka tafi da yayyenta maza biyu, ba wanda ya san gaɓar da aka sauke su. Tun yana maɗaba'a, duk takardar da ta ambaci Amurka sai ya karanta, ko da tsohuwar jaridar da aka naɗo ƙarfen inji ce.

"Ba sunansu nake nema ba, Laminu," ya ce mini. "Ba a rubuta sunan kaya. So nake in san irin ƙasar da suka tarar."

Gyaran littafin da gara ta ci ba ɗinki ne farkonsa ba. Za ka warware shi shafi-shafi, ka share ƙasar garar da gashin kaza, ka shimfiɗa a inuwa. Kowane rami sai ka toshe shi da siririyar takarda wadda ka yaga da hannu, ba da almakashi ba, don bakin yagaggiya yana kwanciya ya ɓace, na yankakkiya kuwa yana nan kamar tabo. Inda gara ta ci rubutu, ba ka da ikon cikewa da abin da kake zato. Ka bar shi fari. Ni ke sharewa da toshewa, Metir yana karanta kowane shafi kafin ya ɗora shi a kan katako, yana juya mini abin da ya gani da Hausa, allura a bakinsa.

Haka na ji labarin manoma da 'yan kasuwar da sarkin Ingila ya ɗora wa haraji daga ƙetaren teku, suka ƙi, abin ya kai ga bindiga. Na ji yadda sojojinsu suka yi wani lokacin sanyi a sansani ba takalma, suna naɗe ƙafa da tsumma a kan ƙanƙara. Da ya ce Faransa ce ta kawo musu jirage da sojoji har suka ci nasara, sai na ajiye gashin kazar.

"Faransar nan tamu, Metir?"

"Ita. Ta taya wasu korar masu mulkinsu, ta huta, sannan ta taho nan."

Da la'asar in an tashi lakwal Mushe Hamani yakan biyo, su yi ta gardama, rabi Faransanci rabi Zabarmanci. Mushe yana ganin takardar da mutanen nan suka rubuta, wadda ta ce duk ɗan Adam daidai yake da ɗan'uwansa, babban abu ce, ko da su ba su cika ta ba, na baya sun samu abin riƙewa. Metir yana cewa hannun da ya rubuta ta yana da bayi a gona, kuma ɓangarorin biyu duk sun sa baƙaƙe a yaƙin, da aka gama mafi yawan bayi suna nan inda suke. Ba wanda ya taɓa kayar da wani. In an kira magariba ni da Mushe mu tafi masallaci, Metir ya rufe tagogi.

Juzu'i na biyu ya fi na farko lalacewa, mun daɗe a kansa. A cikinsa ne Ingila ta dawo yaƙi na biyu, ta shiga babban birninsu ta cinna wa gidajen mulki wuta, har da ɗakin littattafan majalisa. Metir ya yi tsaki ya fi a ƙirga, yana cewa ko wa ya ɗinka su, Allah ya sani. Can gaba kuma muka iso kan mutanen da Turawa suka tarar a ƙasar. Akwai wata ƙabila da ta ƙirƙiro rubutunta, tana da makarantu da jarida da injin ɗab'i irin wanda Metir ya yi aiki da shi. Duk da haka aka ƙwace injin, aka tashe su daga gonakinsu, aka kora su yamma da ƙafa. Ranar da ya karanta wannan bai juya mini da yawa ba. Ya ce in kawo zare, muka yi ta ɗinki har yamma.

Ba a daɗe da bikin 'yanci na uku ba, da sanyi ya shigo, gwamnatinmu da ta Dahome suka samu saɓani a kan wani tsibiri da ke cikin kogi wajen Gaya. Yawancinmu ba mu taɓa jin sunansa ba. Aka wayi gari ana cewa mutanen Dahome su koma ƙasarsu. Da farko an ce ma'aikatan gwamnati kawai, amma abin bai tsaya nan ba, ya kai ga teloli da kafintoci da masu gyaran agogo. Mushe Hamani ya sa rigarsa ta zuwa biro ya yi ta yawo daga wannan ƙofa zuwa waccan, yana cewa mutumin nan ya fi wasu ministoci daɗewa a Yamai, matarsa a nan aka binne ta, 'yarsa Sesil ba ta san wani gari ba. Kowa ya ce masa abin daga sama yake.

Ya dawo shago ransa a ɓace, ya nuna juzu'i na biyu a kan tebur.

"Metir, ga shi nan abin da muka karanta. Shi ne ake yi maka."

"Kada ka haɗa, Mushe. Su da ƙafa suka tafi, suna binne 'ya'yansu a gefen hanya. Ni kamiyo za a ba ni, motar ɗaukar kaya."

"To ka tafi da na ukun. Na ba ka. Yaƙin da aka yi a kan bauta a ciki yake, shi ka fi jira."

Metir ya ɗaga murfin kwandon, ya dubi tarin shafukan da ba mu ko share ba, ya mayar.

"Ba a raba juzu'i da 'yan'uwansa. Kuma bai ɗinku ba, kafin mu kai garin Doso zai watse."

A rana ta ƙarshe ya je kabarin matarsa da sassafe, ya dawo ya sa wa juzu'i na biyu fata. Ni na fere, shi ya shafa kwal ya ja ta a kan kwali, ya kwantar da kusurwoyi da ƙashi, ya sa a presi ya murɗa. Washegari da hantsi muka raka su tasha. Kamiyoyi sun yi layi, an loda katifu da kekunan ɗinki da tukwane, mutane a samansu. Maƙwabta sun zo, wasu don sallama, wasu don sayen kujerun da ba su samu wuri ba. Sesil tana kuka tana yi wa ƙawayenta magana da Zabarmanci. Metir ya miƙo mini mabuɗin shago daga saman kamiyo.

"Na biyun yana presi. Kada ka buɗe sai jibi, komai son ganinka."

Shekarar da ta biyo baya ita ce mafi muni da na gani a sana'ar nan. Komi-komi, wato akawunan da suke aiko mana da rajista, yawancinsu suna cikin kamiyoyin nan, waɗanda suka gaje su kuwa ba su san hanyar shagon ba. Sannan ƙasa ta rikice, aka shiga kame-kame, mutane suna ƙona takardunsu a bayan ɗaki, ba mai son a gan shi da littafi a hammata. Na fitar da tabarma ƙofar shago na koma gyaran takalma. Wani ya zo yana son presin don matsar man gyaɗa, ya dawo har sau nawa, na ce ba nawa ba ne. Mushe Hamani ma aka tura shi gabas, can Gure, don cike gurbin malaman da aka kora. Ya bar mini littattafan ya ce in gama na ukun.

Na uku shi ne littafin farko da na ɗinka ni kaɗai tun daga shara har fata. Tun da ba wani aiki, sai na ce zan yi yadda Metir yake yi, ba zan ɗora shafi a katako ba sai na karanta. Na shiga ajin manya da ake yi bayan la'asar a lakwal ɗin unguwa, ina zama a bencin yara gwiwoyina suna taɓa tebur. Shafi ɗaya yakan ci mini yini, ina bi da yatsa, rabin kalmomin ina tara su a ka sai Mushe ya zo hutu ya warware mini. A haka na ratsa yaƙin da suka yi da junansu, arewa da kudu, 'yan gida ɗaya a ɓangare biyu, da bayin da suka gudu suka sa kakin soja, har zuwa ranar da aka ce bauta ta ƙare. Da na gama, Mushe ya kwashe ukun ya tafi da su Gure, yara suka yi ta karatu da su. Ni kuwa abin ya kama ni. Daga nan duk littafin da ya shigo shagon nan a kan ƙasar, sai na karanta kafin in mayar. Har yau in ɗaliban tarihi suka kawo aikinsu, nakan tsare su da tambaya, wasu su amsa, wasu su ce Baba sai mun duba. Ban gama ba, kuma na san ba zan gama ba.

Bayan wasu shekaru, iyaka ta buɗe, abubuwa sun lafa, wani direba mai suna Mamman da ke ɗauko kaya daga Paraku ya tsaya a ƙofar nan ya ce ya ga tsohon mai shagon. Paraku a Dahome take, nan ne jirgin ƙasa daga teku yake ƙarewa, a sauke kaya a loda wa kamiyoyin Nijar. Na bi Mamman a tafiyarsa ta gaba.

Na same shi a wani babban sito kusa da layin dogo, da gwangwanin baƙin fenti da buroshi, yana rubuta sunan gari a kan buhunan gishiri da sukari don 'yan lodi su san inda kowane zai tafi. Doso, Tawa, Yamai. Ya rame, tabaran an ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Ya ɗago ya dube ni.

"Wa ka bar wa shago?"

"Na rufe, Metir."

"Ba a rufe shago ranar aiki."

Sannan ya kama hannuna da hannunsa mai fenti, bai saki ba har muka zauna a kan buhu. Ya ce Sesil ta yi aure a Kotonu. Shi ya je Wida, ya tarar ba sauran wanda ya san shi, yara suna ce masa ɗan Nijar. Sai ya hauro nan, inda aƙalla yake jin Hausa da Zabarmanci a bakin direbobi. Wani fada na coci yana ara masa ɗan abin karantawa. Na ba shi labarin juzu'i na uku tun daga farko, ya rufe ido yana saurare, wani wuri ya gyaɗa kai, wani wuri ya ce in maimaita.

"Da aka 'yanta su, an ba su gona?"

"An fara ba wasu, Metir, daga baya aka karɓe aka mayar wa masu ita na da."

Ya buɗe ido. "To ka nemi abin da ya biyo baya. Littafin ya tsaya, su ba su tsaya ba."

Na ce masa ya taho mu koma, wasu sun koma ba abin da aka yi musu, shagonsa yana nan, ko allura ban sayar ba.

"An taɓa ce mini in tashi, Laminu. Ba zan iya zama ina jiran ranar da za a sake faɗa ba. Shagon naka ne."

Ya tashi ya koma kan buhunansa, don kamiyo yana jira. Na tsaya ina kallo. 'Yan lodi suna yi masa tsiya wai yana ɓata lokaci, don ba ya rubutu a gurguje. Kowane harafi sai ya yi masa 'yan ƙafafu a sama da ƙasa, tsayinsu ɗaya, kamar za a buga a bayan littafi.

Bayan na dawo, sai ya zama duk ranar da kamiyoyin Paraku suke sauke kaya a bayan babbar kasuwa nakan bi ta wurin. Ba na tambayar kowa komai. In na ga sunan Yamai a kan buhu da 'yan ƙafafun nan, na san yana nan, sai in wuce. Shekaru muka yi a haka.

Wata Alhamis aka sauke gishiri, na ga rubutun wani ne, a karkace, fenti yana zuba. Na zagaya tarin ina ɗaga buhu, 'yan dako suna zaton saye zan yi. Can ƙasa na samu guda biyu da hannunsa, tsohon kaya ne da ya daɗe a sito. Na nemo Mamman a gindin kamiyonsa yana wanke hannu da kananzir.

"Ai tun kafin azumi aka binne shi," ya ce. "Wallahi na ɗauka ka ji."

Na koma wajen buhunan biyu. Ina tsaye mai gishiri ya jawo ɗaya, ya farke shi da wuƙa ta tsakiyar sunan garin, ya fara awo.